Maƙalar da Kowa Ya Ambata, Ba Wanda Ya Karanta

A hawa na biyu na cibiyar binciken ciwon daji, ɗakin ƙarshe idan ka bi baranda ta hagu, akwai wata mata da ɗalibai ke kira Anti Sake. Ba sunanta ba ne. Ta samo shi ne saboda duk wanda ya kawo mata sakamakon gwaji yana washe baki, sai ta gyara tabarau, ta duba, ta ce, "Ya yi kyau. Sake." In ya sake ya dawo, ta ce, "To, na fara yarda. Sake." An ce akwai ɗalibin da ya kawo mata katin aurensa, kafin ta buɗe baki ya riga ta: "Anti, wannan dai ba zan sake ba."

Shekarunta sun haura hamsin. 'Yar mai ɗaukar hoto ce. Babanta yana da shago kusa da tasha, da wani ɗan ɗaki mai duhu a baya inda ake wanke hotuna, kuma tun tana firamare take hawa kan akwati tana jujjuya takarda cikin ruwan magani har fuskar mutum ta fito. Takan ce aikinta na yanzu bai yi nisa da wancan ba. Likitocin fiɗa su ciro ƙari daga jikin majiyyaci, su aiko mata da ɗan yanki, ta yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, ta ɗora a kan gilashi, ta ɗiga rini, ta sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ta jira abin da ke ɓoye ya bayyana. Bambancin kawai, masu zuwa wajen babanta suna so su fito da kyau, ƙwayoyin ciwon daji kuwa ko a jikinsu.

Ɗakin nata babba ne, da dogayen tebura biyu da tagogi masu kallon wurin ajiye motoci. Akwai kujera ɗaya da ƙafarta ta gaza, wadda ake ba baƙon da ba a so ya daɗe.

A sana'ar su Anti Sake, ba a auna mutum da yawan gilashin da ya duba. Mai bincike ya gama aiki ya rubuta maƙala, mujalla ta buga, sai sauran masu bincike su riƙa ambaton maƙalar a cikin tasu idan sun dogara da ita. Kwamfuta na can tana ƙirga kowane ambato. Wannan adadin shi ne tsawon mutum a taro, shi ake dubawa kafin a ba ka kujerar gaba ko ta baya.

Ta buga maƙala talatin da 'yan kai. Yawancinsu suna zaune shiru. Akwai wadda mutum biyu kacal suka taɓa ambata, ɗayansu kuma ita ce da kanta. Amma akwai guda ɗaya da ta yi fice, wadda kowa a cibiyar ke kira maƙalar shuɗi. Ambatonta ya haura ɗari bakwai, bai kuma daina hawa ba.

Labarin maƙalar gajere ne. Akwai lokacin da masu bincike suka sa rai cewa wani shuɗin rini mai sauƙin samu zai iya nuna wane ƙarin nono ne zai dawo bayan fiɗa, wane ne kuma ya tafi ke nan. Anti Sake ta yi shekaru tana gwadawa, tana sakewa, har yatsunta suka rine. Abin da ta gano shi ne rinin ba ya nuna komai. Ƙarin da ya sha rini yana dawowa, wanda bai sha ba ma yana dawowa. Ta rubuta haka. A shafin farko ta bayyana irin fatan da ake yi wa rinin, ta bayyana shi da kyau da adalci, sa'an nan a sauran shafukan ta rushe shi. Da ambato ya fara zuba, ba ta taɓa leƙawa ta ga me masu ambaton ke cewa ba. Ta ɗauka duniya ce ta ji gargaɗi take godiya.

Mai kula da adadin a gida shi ne mijinta, malamin motsa jiki a makarantar sakandare, wanda ke busa wasan ƙwallo ranar da babu aiki, har unguwa ta manta sunansa ta koma kiransa Rafali. Kowace safiya, kafin shayi ya huce, sai ya buɗe waya ya sanar da sakamako.

"Dakta, an ci biyu jiya."

"Allah ya ba su lada. Miƙo mini sukari."

"Ke ba ki san darajar kanki ba. Ni da ana ambatona sau ɗari bakwai, da ban taka ƙasa ba."

"Ai ana ambatonka, Baban yara. Duk ranar wasa ina jin 'yan kallo suna ambatonka har da iyayenka."

Shi ma bai taɓa karanta maƙalar ba. Ya gwada sau ɗaya, ya kai tsakiyar shafin farko, ya ce idonsa na ruwa.

A shekarar da ake magana, cibiyar ta yi sabon darakta, ginin kuma ya yi wa mutane kaɗan. Sashen kwamfuta, wanda ya fara da mutum uku, ya cika ya tumbatsa har suna aiki a baranda. Sai aka kafa kwamiti da zai sake raba ɗakuna, aka kuma sanar da ma'auni: wanda ake yawan ambaton aikinsa ya riƙe ɗakinsa, wanda ba a ambata ya matsa. Kowa ya san ɗakin da 'yan kwamfuta ke yi wa kallon sha'awa. Sukan wuce ta ƙofar Anti Sake a hankali, suna gaisuwa, idonsu na kan tagogi.

Shugaban sashenta, wanda ajinsu ɗaya tun jami'a, ya ce ta kwantar da hankali. "Ke ba ki da matsala, 'yar'uwa. Shuɗin nan naki ya tsaya miki. Mu ne za mu sha rana."

Ana cikin haka aka yi taron masu bincike a babban zauren ƙasa. Anti Sake ta sauka ne musamman don zauren yana da sanyi, ta samu kujerar baya ta zauna. Wani matashin likita daga asibitin wani gari ya hau mumbari, sanye da kwat da bai gama sabawa da shi ba. Yana cikin bayani sai ga shafin farko na maƙalarta a kan allo.

"Kamar yadda wannan shahararren aiki ya tabbatar," in ji shi, "shuɗin rinin yana nuna ƙarin da zai dawo."

Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Allon bai canja ba. Likitan ya ci gaba da cewa asibitinsu zai fara aiki da rinin nan ba da jimawa ba. Matar da ƙarinta bai sha rini ba, za a sallame ta bayan fiɗa, ba sai an wahalar da ita da ƙarin magani ba. Aka tafa masa.

Da aka tashi shan shayi, ta same shi a gindin tebur yana fama da kofi da biskit da waya a hannu biyu.

"Ɗana, sannu da ƙoƙari. Maƙalar nan da ka nuna, ba haka ta ce ba."

Ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Mama, ai sananniyar maƙala ce. Mutum fiye da ɗari bakwai sun ambace ta."

"Ka karanta ta?"

"Kowa ya san abin da ke ciki."

"Ba kowa na tambaya ba. Kai ka karanta?"

"Na duba ta, Mama. Kada ki ga rashin kunyata, amma wataƙila ke ce ba ki fahimce ta sosai ba. Tana da ɗan wuya."

"Da wuya kam. Na sha wuya kafin in gama rubuta ta."

Biskit ɗin ya faɗa cikin shayi. Likitan ya dubi katin sunan da ke rataye a wuyanta, ya dubi fuskarta, ya rusuna har kwat ɗin ya yi ƙara. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne ko za ta yarda su ɗauki hoto tare. Ta ce za su ɗauka bayan ya karanta shafi na shida. Ya karanta a tsaye, a wayarsa, tana kallonsa. Da ya gama sai ya nemi kujera.

Kwanakin da suka biyo baya ta ajiye gilasai ta zauna gaban kwamfuta tana buɗe maƙalun da suka ambace ta, ɗaya bayan ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba. Kusan duka magana ɗaya suke yi, da kalmomi iri ɗaya, a jere iri ɗaya. Ta bi sawu baya har ta kai tushe. Wani babban farfesa ne a wata ƙasa, da ya rubuta doguwar maƙala yana taƙaita duk abin da aka sani game da ƙarin nono. Da alama ya buɗe tata, ya karanta shafin farko inda ta bayyana fatan da ake yi, ya ji ya gamsu, ya rubuta jimla ɗaya cewa ta tabbatar da rinin yana aiki, ya wuce. Duk wanda ya zo bayansa daga wajensa ya kwafa, na bayan wannan kuma daga wajen wannan, kamar 'yan aji da suka saci amsa daga yaron da ya fi kowa tsabtar rubutu. Waɗanda suka faɗi daidai ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Da ta gaya wa Rafali, ya ajiye takalmin ƙwallon da yake gogewa, ya yanke hukunci.

"Ƙwallon da ta shiga raga ta shiga. Ko ɗan bayansu ne ya ci gida, ci ne. Ban taɓa soke ƙwallo don wanda ya buga bai yi niyya ba."

"Wannan ba ƙwallo ba ce, Baban yara. Mata za a sallama su tafi gida da ciwo."

"To ki kira yaron nan ki gaya masa su daina. Shi ke nan. Sai kin yi shela?"

"Na kira shi. Ya ce manyansa sun ce ba za su ajiye maƙala ɗari bakwai saboda maganar baki ba. Sai sun gani a buge."

"Ko da mai maƙalar ce ta faɗa?"

"Sun ce mai maƙala mutum ɗaya ce."

Rafali ya sake ɗaukar takalmin. "Ni dai abin da na sani, in ɗakin nan ya tafi, gilasanki gidan nan za su dawo. Kuma na san inda za su sauka. Ɗakin da nake ajiye kofunana."

"Kofi biyu ne, ɗaya ma na halarta ne."

"Na halarta ma sai an halarta ake samu."

Ta rubuta ɗan gajeren bayani, shafi ɗaya, tana cewa maƙalarta ta nuna rinin ba ya aiki, kuma akasarin masu ambatonta sun juya maganar. Kafin ta aika wa mujallar da ta buga maƙalar, ta kai wa shugaban sashe, don kada ya ji a waje. Ya karanta, ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo.

"'Yar'uwa, ki bari sai bayan zaman kwamiti."

"Asibitin can ba za su jira kwamiti ba."

Ya shafa kansa, inda a da akwai gashi. "To aika. Amma ki yi shiru a gabansu. 'Yan kwamitin nan ba sa karanta mujalla, adadi kawai suke dubawa. Ki shiga, ki gaisa, ki fito. Ba ƙarya na ce ki yi ba. Shiru na ce."

Ta ce za ta gwada. Ta aika, mujallar ta sa bayanin a shafinta na intanet ba tare da ɓata lokaci ba, ita kuma ta tura wa matashin likitan. Shugaban sashe ya yi gaskiya, a cibiyar ba wanda ya lura.

Ranar zaman kwamiti Rafali ne ya kai ta a mota. A bakin ƙofa ya ce, "Dakta, ki tuna. Gaisuwa kawai." Ta ce ta ji.

Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, darakta a tsakiya, shugaban sashenta a can gefe yana wasa da biro. Ta gaisa, ta zauna. Aka karanta adadin ambatonta, 'yan kwamiti suka gyaɗa kai. Da a nan aka tsaya, da ta fito da ɗakinta cikakke. Amma darakta mutum ne mai son ya nuna ya san ma'aikatansa. Ya jingina, ya haɗa yatsu.

"Dakta, muna alfahari da ke. Rinin nan da kika tabbatar yana aiki, Allah kaɗai ya san matan da ya ceta. Ni da kaina na ambace ki a maƙalata. Haka ne ko ba haka ba?"

Shugaban sashe ya daina wasa da biro. Anti Sake ta dubi tebur. Gyaɗa kai ɗaya ya isa. Ta ji wuyanta ya ƙi.

"Ranka ya daɗe, na ga ambaton, na gode. Sai dai rinin ba ya aiki."

"Ya daina?"

"Bai taɓa yi ba. Abin da maƙalar ta ce ke nan. Yana shafi na shida."

Ta yi musu bayani a taƙaice, har da farfesan da ya tsaya a shafin farko. Ba ta faɗi wanda ya kwafa daga wajensa a cikin ɗakin ba, amma mutum biyu cikin biyar sun sami abin dubawa a cikin takardunsu.

Aka ce ta jira a waje. Ta zauna a benci tana jin muryoyi ta ƙofa. Daga baya shugaban sashe ya ba ta labarin yadda aka yi. Wani ya ce doka ta ce a ƙirga ambato, ba ta ce a ƙirga ambaton da ke daidai ba. Wata ta ce in haka ne, an ba mutum ɗaki saboda ba a karanta shi ba. Na uku ya kawo shawarar a duba ambaton kowa a cibiyar a ga masu daidai da marasa daidai, aka wuce shawarar ba tare da an rubuta ta ba. Can ƙarshe darakta ya ce tunda rabin kwamiti na ganin adadin nata ne, rabi na ganin ba nata ba ne, a raba ɗakin biyu.

"Na ce miki shiru," in ji shugaban sashe a baranda.

"Tambayata ya yi."

"Ai shi ma yanzu ya gane kuskurensa. Ba zai sake tambayar kowa komai ba."

A wannan makon matashin likitan ya kira ya ce asibitinsu ya dakatar da shirin. Ya ce manyansa sun karanta bayanin, sun kuma karanta maƙalar har ƙarshe, ɗayansu ma ya ce dama shi tun farko bai yarda da rinin ba. Bayanin nata na shafi ɗaya, zuwa lokacin da ake wannan labari, mutum huɗu ne suka ambace shi. Maƙalar shuɗi kuwa tana nan tana hawa, yawancin sabbin masu ambatonta har yanzu suna yabon rinin.

Ranar raba ɗaki kafinta ya zo da katako da alli. Shugaban 'yan kwamfuta, wani dogon mutum mai ladabi da ke kiranta Anti kamar kowa, ya tsaya yana kallo ana awo. Kafinta ya ja layi a ƙasa daga bango zuwa bango. Layin ya bar wa 'yan kwamfuta tagogi, ya bar mata famfo da tebur ɗaya da rabi. Sai dai ya bi ta tsakiyar wani ƙaton firiji da ke jingine da bango, wanda mutum huɗu suka tura bai motsa ba.

"Ba komai, Anti," in ji dogon. "A bar shi ta wajenmu, ki riƙa zagayowa kina ɗaukar abinki. Mu ma mu samu wurin sa ruwan sanyi. Me ke ciki?"

"Ƙari."

"Ƙarin me?"

"Na mutane. Nono ya fi yawa, akwai hanta a ƙasa. In za ku sa ruwa, ku sa a tire na biyu, can ne babu kowa."

Dogon ya dubi firijin, ya ja da baya taku ɗaya. Ya kira kafinta gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa. Kafinta ya dawo ya goge layin da tafin takalmi, ya ja sabo can gaba da firijin, ya ƙara da ɗan fili don kada ƙofarsa ta taɓa katako idan an buɗe. Sabon layin ya haɗo mata da firijin da taga ɗaya.

Anti Sake ta duba, ta ce ita ba ta da ƙorafi. Kafinta ya fara buga ƙusa.